Yaƙin Lita Ashirin da Biyar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya halicci raƙumi Ya hore masa haƙurin ƙishirwa, har ya zamo abin kwatance ga matafiya. Bayan haka, wannan ita ce ƙissar sadauki ɗan sadauki, Alhaji Badamasi na unguwar Dakata a birnin Kano, ɗan Haladu Mai Keke, wanda ya fara shiga ƙauyensu a kan baƙin keke har mata suka riƙa leƙe ta kan danga, ɗan Barau Mai Jakai, wanda ya yi fatauci da jaki tara tsakanin Kano da Nguru bai taɓa ɓatar da ko akumari ba, ɗan Tanko Gagarau, wanda masana salsala suka haɗu a kan cewa a ƙafa ya yi duk tafiye-tafiyensa, kuma ba a taɓa jin ya makara ba. Daga wannan tsatso mai albarka Alhaji Badamasi ya fito, bajimin 'yan robobi, garkuwar masu bokiti da baho, wanda in ka tsaya a bakin rumfarsa a kasuwa ba ka hango ƙarshen jarkoki. Mutum ne mai kirki da kyauta, sai dai Allah Ya jarrabe shi da abu guda, shi ne in ya fahimci magana a karkace, to ko malaman garin nan kaf ba su isa su miƙe masa ita ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya fitar da wannan gwarzo fagen fama, kada ya zaci son nuna arziki ne kurum, ko da yake akwai shi. Haladu Mai Keke ya rasu Badamasi yana ɗan shekara bakwai, sai wan Badamasi, Inuwa, ya riƙe shi, ya sa shi makaranta, ya ba shi jarin bokiti goma sha biyu na farko, ya kuma tsaya masa a aurensa. Da ciwon ajali ya kama Yaya Inuwa, shekara huɗu ke nan, sai ya kamo hannun ƙanensa ya ce, “Badamasi, ranar auren Nafi'u kai za ka zauna a gurbina. Kada ka bari bare ya karɓar wa ɗana aure.” Badamasi ya yi alkawari yana hawaye, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi shi. To ga shi ranar ta zo. Nafi'u ya samu mata a Kukar Magaji, wani ƙauye can bayan mararrabar Gujungu, tafiyar kilomita ɗari da talatin daga Kano, an sa ɗaurin aure ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe.

Saboda wannan rana ce Alhaji ya sayar da 'yar ƙaramar motarsa da ta yi masa bauta shekara tara, ya ƙara abin da ya ƙara, ya sayo baƙar jif 'yar Kwatano mai silinda takwas, mai kujeru sahu uku, mai faɗin ƙirji da tsawon wuya, wadda in aka tayar da ita tantabarun unguwa sukan watse, tagogin maƙwabta su yi ta karkarwa. Ya raɗa mata suna Giwa. A ganinsa ɗan Yaya Inuwa bai cancanci a je karɓar masa aure a cikin motar da sai an yi mata addu'a take hawa gada ba. Dillalin da ya kawo ta, wanda za mu sakaya sunansa don yana da iyali, ya dafa ƙirji ya ce, “Alhaji, wannan ba ta shan mai, lasa take yi.”

A nan ne Iblis ya samu kafar shiga. A majalisar su Alhaji, wadda ke zama a ƙofar gidansa bayan la'asar, da ma'auni ɗaya tak ake auna darajar mota tun zamanin da, wato kilomita nawa take yi a lita. Mai goma ya fi mai takwas, mai sha biyu ya fi mai goma, kuma tsohuwar motar Alhaji sha biyu take yi, abin da ya sa ya daɗe yana zaune a kujerar gaba a duk muhawarar mai. Ranar da Giwa ta iso, da ya murɗa makulli allon gaban direba ya haska, sai ya ga wata lamba mai launin ruwan lemo tana sheƙi, sha huɗu, da wasu ƙananan haruffa a gefenta waɗanda idon ɗan shekara hamsin da takwas ba ya wahalar da kansa a kansu. Nan take ya yi hamdala, ya ce lallai dillali bai yi ƙarya ba, ga dabba mai girman ɗaki tana yin kilomita sha huɗu a lita.

Mu da muke rubuta wannan tarihi ba za mu bar mai karatu cikin duhun da Alhaji ya kwana bakwai a ciki ba. Waɗannan ƙananan haruffa cewa suke lita kaza a kowace kilomita ɗari. Lambar ba nisan da Giwa ke yi take faɗa ba, yawan abin da take zuƙa take faɗa, don haka duk sa'ad da ta hau, aljihu ne ke sauka. Wanda ya ƙera motar ya rubuta gaskiya ƙarara, laifinsa kawai bai taɓa zama a majalisar Dakata ba.

Sai sadauki ya shiga atisaye, kamar yadda amirai kan horar da dakaru kafin a buga tambari. Ran Litinin ya bar Giwa a kunne a ƙofar gida da iyakwandishan a ƙure, ya shiga ya karya kumallo, ya yi wanka, ya saurari labaran safe, da ya fito ya tarar lamba ta koma sha shida. Ran Talata ya kutsa da ita cunkoson bakin kasuwa da tsakar rana, yana taka totur yana taka birki tsakanin 'yan adaidaita har kusan awa biyu, lamba ta ce sha takwas. Ran Laraba ya tsaya wurin mai faci ya sa aka rage iskar tayoyi huɗun nan don motar ta kwanta a titi ta yi laushi, lamba ta ƙara ɗaya. Ran Alhamis ya sa maƙeri ya ɗaura mata kariyar ɗaukar kaya a bisa, ya jibga bahuna ya zaga gari da su, ya dawo da ashirin da ɗaya. A yammacin ranar ya bayyana wa majalisa hikimar da Allah Ya buɗa masa, cewa aikin da silinda huɗu ke yi da nishi, silinda takwas rarraba shi suke yi, don haka ba sa gajiya, wanda bai gaji ba kuwa ba ya jin ƙishirwa, kuma babbar mota sai an matsa mata take nuna asalinta. Majalisa ta gyaɗa kai, domin maganar ta yi kama da hankali, kuma shi ne mai sayen shayi.

Mutum ɗaya ce ta kawo shakka a wannan mazhaba, ita ce maiɗakinsa Hajiya Turai, wadda ya kai ta gidan suna ran Juma'a da safe. Ta leƙa allo ta ce, “Alhaji, ni dai ban san mota ba, amma allurar nan ran Litinin a tsakiya na gan ta, yau ga ta tana sujada.” Ya yi murmushin da mai ilimi kan yi wa wanda bai sani ba, ya ce allura ƙarfe ce irin ta da, tana iya sanƙarewa, lamba kuwa kwamfuta ce, kwamfuta kuma ba ta san ƙarya ba. Hajiya ta ce Allah Ya ba da sa'a, ta gyara mayafinta, ba ta ƙara ba, don shekara talatin ta koya mata inda magana ke tsayawa.

Da yammacin Juma'ar ya shiga gidan mai cikin haiba da izza, ya sauke gilashi ya ba da umarni a zuba lita ashirin da biyar. Mai zuba man ya dubi Giwa daga goshi har wutsiya ya ce, “Ranka ya daɗe, da tafiya ce a gabanka da na ce a cika ta.” Alhaji ya ce masa ya yi aikinsa. Lissafin a bayyane yake, ashirin da ɗaya sau ashirin da biyar ya haura kilomita ɗari biyar, zuwa da dawowa kuwa ɗari biyu da sittin ne, har da rarar zuwa gaishe-gaishe. Ba rowa ce ta hana shi cika tanki ba, wannan mu shaida ne. Yana son ne ranar Lahadi ya zauna a majalisa ya ce da lita ashirin da biyar ya je Kukar Magaji ya dawo, a kuma samu dattawa bakwai da za su ce a kan idonsu aka yi.

Da gari ya waye ranar Asabar, ranar da aka rubuta tun fil'azal, a tsakiyar bazara mai narkar da kwalta, sadauki ya fito cikin sulkensa, farar shadda mai aska takwas wadda sitaci ya sa take ƙara in ya motsa, da hula zanna a karkace, da turare mai sanar da zuwansa tun daga zaure. Tun ƙarfe shida ya tayar da Giwa don ta ɗumama, ita kuwa ta yi ta gurnani a tsaye har bakwai. Aka loda guzurin yaƙi, ƙwarya biyu ta goro da katan ɗin alawa da dabino don rabon ɗaurin aure, da buhun shinkafa biyu na gaisuwar surukai, a bisa kariya kuma aka ɗaure gudummawar amarya, bahuna shida da bokitai goma da wata ƙatuwar randar roba shuɗiya da aka ɗora bakinta yana fuskantar gabas, wato daidai inda iska za ta fito. Ango shi da abokansa tun jiya suka yi gaba a motar haya.

Sai aka shiga tattara runduna, gida-gida, Giwa na kunne a kowace ƙofa, domin dattijo ba ya fitowa da kira ɗaya. Wannan yana neman carbinsa, wancan bai gama shan koko ba, wani kuma sai da ya sake alwala. Na ƙarshe shi ne Malam Sidi, tsohon malamin lissafi da ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa 'ya'yan mutane raba dogon lissafi, aminin marigayi Inuwa, mutumin da shi kaɗai a duk rundunar zai iya karanta ƙananan haruffan nan. Ƙaddara ta sa ya zaɓi sahu na uku, can ƙurya kusa da buhunan shinkafa, ya cusa tabaransa a aljihu, sanyin iyakwandishan ya buge shi, kafin a fita Yankaba ya yi barci. Ƙarfe takwas da rabi ta gota sa'ad da tutar Alhaji ta bar gari.

Wane alƙalami ne zai iya siffanta abin da ya gudana a kan titin Gezawa a wannan safiya? Sadauki ya kama sitiyari da hannu biyu, ya ce “Bismillahi, Giwa, nuna musu,” ya nitsa ƙafarsa a totur har ta taɓa ƙasa, silinda takwas suka amsa da murya ɗaya, randar roba ta cika da iska ta riƙa kuka a bisa kamar ana busa ƙaho, motocin haya suka riƙa darewa gefe, masu babura suka riƙa sauka daga kwalta suna faɗin abin da ba za a rubuta ba, shi kuwa bai bar tirela ko akori-kura ko motar itace a gabansa ba sai da ya wuce ta, in ya cim ma wata ya danna birki har dattawa su yi ruku'u, in ya samu sarari ya sake ingiza ta har su jingina. Lamba ta ce ashirin da uku. Kafin Zakirai ta ce ashirin da huɗu. Duk hawan da ta yi sai ya sanar da runduna, runduna ta ce Masha Allah, ban da Malam Sidi da ke minshari.

Gidajen mai uku suka wuce a wannan hanya, ko wanne a buɗe, babu layi, masu zuba mai suna zaune suna korar ƙuda. A na biyun ne wata 'yar fitila mai siffar famfon mai ta kama a allo, ta tsaya tana kallon Alhaji. Dattijon da ke kujerar gaba ya nuna ta da carbi ya ce ko a ɗan tsaya. Alhaji ya dubi fitila, ya dubi lamba, lamba ta ce ashirin da shida, ya buga lissafi a ka ya ga cewa a wannan ƙadami man da ya sha jiya zai kai su Maiduguri. Ya ce, “Wanda ya tsaya shan ruwa a bakin rijiyar kowa ba ya isa da wuri.” Ba a san wannan karin magana ba kafin ranar, kuma ba a sake jin ta ba bayanta.

Bayan mararrabar Gujungu suka saki kwalta suka kama burji, burji ya miƙa su ga yashi. Nan sadauki ya zaro makamin da ya ɓoye don irin wannan rana, ya murɗa giyar taimako wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, Giwa ta yi ruri ta shiga keta yashi tana watsa shi sama, lamba ta yi tsalle ta dira a ashirin da takwas. Alhaji ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙafa, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya sauka daga jirgin Makka. Yana cikin wannan daɗi ne Giwa ta yi tari. Ta sake yin tari, ta yi shiru, ta gangara taku ashirin da ƙarfin Allah, ta tsaya cak a gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki. Agogo ya ce goma da kwata, saura kilomita ashirin.

Ya murɗa makulli, ta yi ƙiƙi-ƙiƙi ta ƙi. Ya sake, ta sake. Aka buɗe bonet, dattawa shida suka kewaye inji suna dubansa da hannu a baya, kowa na jiran wani ya gane wani abu. Aka yi shawarar turi, rundunar da mafi ƙanƙantarta ya ba sittin baya ta tattare riguna ta dafa Giwa, aka ce ɗaya, biyu, uku, Giwa ba ta ko san ana yi ba. Aka ciro wayoyi, babu sabis ko sanda ɗaya. Zafin da ya maye gurbin iyakwandishan ne ya tashi Malam Sidi, ya fito yana tambaya ko an iso, aka gaya masa halin da ake ciki, Alhaji kuma ya rantse masa ba mai ba ne, domin ga shaida nan a allo. Malam ya zagayo, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya sunkuya ya daɗe yana duban lambar. Da ya ɗago, muryarsa a hankali take, irin wadda yakan yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma ya faɗi.

“Alhaji, wannan ba tafiyar da take yi ba ce. Abin da take sha ne. Lita ashirin da takwas a kilomita ɗari.”

Alhaji ya ce, “To ai da sha huɗu na same ta.”

Malam Sidi ya shiga motsa leɓe yana ƙirge, don malamin lissafi ba ya iya barin lissafi ko a gaban gawa. Ya ce, “Da ka bar ta a sha huɗun, da yanzu muna zaune a kan tabarma a Kukar Magaji, har da ragowar mai.”

Masu tarihi sun saɓa a kan abin da ya biyo baya. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne Alhaji bai yi musu ba, karo na farko a rayuwarsa, kuma ba lambar ce ta tsaya masa a rai ba. Agogo ya duba, ya ga sha ɗaya saura minti ashirin, ya tuna hannun Yaya Inuwa a cikin nasa, sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske wanda babu abin dariya a cikinsa. Ya duba cikin kaya ko akwai jarka, sai ya tarar shi da ke da jarka dubu a rumfa bai taho da ko ɗaya ba. Ya kwance sabon bokiti daga gudummawar amarya, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya bi sawun shanu ya nufi inda yake jin ƙarar wani inji daga nesa.

Tafiyar da ta fi kowace wuya a wannan yaƙi ita ce wannan, kuma a ƙafa aka yi ta. Yashi ya cika takalmi, ƙaya ta kama shadda, sitaci ya narke ya bi gumi, bajimin 'yan robobi ya yi ta sassarfa da jan bokiti a hannu har kusan awa guda kafin ya faɗo wata fadama, inda wani manomi mai suna Jibo ke ba albasarsa ruwa da ɗan injin ban-ruwa. Alhaji ya yi sallama, numfashi na sarƙe shi, ya faɗi buƙatarsa ba tare da ya ambaci silinda ko ɗaya ba. Jibo ya dube shi, ya dubi bokitin, ya kashe injinsa, ya ɗauko galan ɗin da ya tanada don ban-ruwan yamma ya miƙa masa, ya ce, “Ɗaurin aure ai ba ya jira, Alhaji. Albasa ta kwana da ƙishi yau, ba ta mutuwa.” Ko lita huɗu bai cika ba.

Da ya dawo, ragamar yaƙi ta koma hannun Malam Sidi, wanda ya hau kujerar gaba da tabaransa a fuska. Ya sa aka kashe iyakwandishan aka sauke gilasai. Ya sa aka kwance randa da bahuna aka bar su a gindin aduwa, dattijo ɗaya ya zauna gadinsu bisa raɗin kansa, don ya ce ya gaji da ruku'u. Aka cire giyar taimako da zarar an fita yashi. Malam ya ce a taka totur kamar ana taka ƙwai, kada a yi gaggawa kada a yi birki sai dole. Haka Giwa mai ruri ta bi burji sumui-sumui, wani mai keke da buhun gawayi ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita har ya gaji ya wuce, lamba kuma ta fara sauka, ashirin da bakwai, ashirin da shida, Malam na cewa madalla a duk saukar da ta yi. Alhaji kuwa agogo kawai yake kallo.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka shiga Kukar Magaji. A ƙofar masallaci ana naɗe tabarmi, ƙasa cike da takardun alawa, wanda ke nuna an samo wata a kanti an raba. Tun kafin su kai nan Alhaji ya hango mutum ɗaya tsaye a bakin hanya, a rana, cikin fararen kaya, shi ne Nafi'u. Ya zo ya buɗe wa baffansa ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, ya tambayi hanya, bai nuna fushi ba, da ma ya nuna da ya fi sauƙi.

Ya ce, “Baffa, na roƙa an jira har sha biyu da rabi. Liman yana da jana'iza a wani gari, ba yadda za a yi. Tun goma nake nan tsaye, duk ƙurar da ta taso sai in ce kai ne.”

Alhaji ya sauko daga mota. Da ƙyar ya ce, “Wa ya karɓa maka?”

“Wani dattijo ne, mai shayin bakin masallaci. Sai da ya tambaye ni sunan Baba sau biyu, don kada ya yi kuskure.”

Suna nan tsaye sai ga dattijon da kansa, ɗan siriri mai tsohuwar jamfa da tabon madara a hannun riga, ya zo ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, “Kai ne uban ango? Sannu da hanya. Ga ɗanka nan na mayar maka, aronsa na yi na minti biyar. Yaro mai hankali, Allah Ya ji ƙan mahaifinsa.” Alhaji ya ce amin, ya yi masa godiya, kuma godiyar gaskiya ce.

Aka kai baƙi zauren uban amarya, aka shimfiɗa musu sabuwar tabarma, aka kawo ruwa da fura da abin da ya saura na shinkafa. Dangin amarya suka taru, suka yi marhabin da jikan Barau Mai Jakai, suka yaba motar da ke tsaye a waje wadda rabin garin ya kewaye. Uban amarya ya gyara zama ya ce to, tun da Allah Ya kawo babban gidan ango, ko yana da abin da zai faɗa wa sababbin surukansa, kowa ya kasa kunne. Sadauki ɗan sadauki ya dubi Nafi'u da ke tsugune a bakin ƙofa, ya dubi dattawansa da ke jiran a mayar da su Kano kafin magariba, ga ɗaya can a gindin aduwa yana gadin randa. A nan tawadar mai tarihi ta ƙare, sai dai ya samu ya rubuta jawabin kaf, don ba shi da tsawo.

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah Ya ba su zaman lafiya. Don Allah, a garin nan ina ake sayar da mai?”